Matani da Zaili: Katun na Farko da Magajinsa

 

Maganar da na riƙo muku yau, wanda ya ji kanta zai iya cewa ta yara ce, ba ta isa mai furfura ya ɓata yawunsa a kanta ba. Amma da yake abin da ya shiga idon yaro yau shi ne zai fito a halinsa gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na ga ya dace mu ba ta haƙƙinta na nazari. Ga yadda ta samo asali. Kwanan baya, bayan sallar lisha, ina kishingiɗe a kan tabarma a tsakar gida, sai na ga jikokina sun yi zobe sun haɗa kawuna a kan wayar yayansu, wadda aka kai wa mai tura fina-finai a kasuwa ya cika mata memori da irin wasannin nan na zane mai motsi da yara ke kira katun. Can da dare ya ɗan yi nisa, sai wata jikata, wadda nake kira amarya bisa wasan da ke tsakanin kaka da jika, ta taso ta zauna kusa da ni tana ɓata rai, ta ce, "Kaka, na biyun nan fa bai kai na ɗaya daɗi ba." Na ce, "To, amarya, in haka ne, me ya zaunar da ke har ƙarshensa, alhali kuwa barci na ta fizgarki?" Ta ce, "Ai so nake in ga yadda Simba ya ƙare."

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, domin yarinyar, ba tare da ta sani ba, ta tattara mas'alar duka: ta yanke wa na biyu hukunci cewa ya gaza, ta kuma bayyana cewa ƙaunar na farko ce ta ja ta zuwa gare shi. Fim ɗin da take nufi shi ne The Lion King, labarin ɗan zakin da baffansa ya kashe masa uba ya ƙwace sarauta, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1994, da magajinsa da ya biyo baya a 1998. Abin da za mu bi diddiginsa yau shi ne dalilin da ya sa galibin waɗannan magada ba su kan kai iyayensu ba, da kuma sirrin 'yan kaɗan ɗin da suke kaiwa, har wani lokaci su zarce.

Kafin mu tsallaka teku, bari mu fara neman mizani a gida, gama malamanmu sun riga mutanen Amurka sanin wannan al'amari da ƙarnoni masu yawa. Ina neman afuwar malamai, ba nufina in daidaita littattafan ilmi da wasan yara ba, Allah ya tsare. Aron ma'auni kaɗai nake yi, kamar yadda mudun da aka auna zakka da shi ba ya ƙin auna gyaɗa. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san akwai matani, wato asalin maganar musannifi. Akwai sharhi, mai buɗe abin da matani ya dunƙule. Akwai hashiya, wadda ake rubutawa a gefen takarda don cike ɗan giɓin da aka bari. Akwai kuma zaili, wato ɗorawa daga inda na farko ya ajiye alƙalami, kamar yadda Ahmadu Baba na Tumbutu ya ɗora Nailul Ibtihaji a kan Dibaji na Ibnu Farhun, ya kawo tarihin malaman Malikiyya da littafin farko bai tattara ba. Ga kuma cikawa, irin ta Tafsirin Jalalaini da ake karanta mana kowane azumi, wanda Jalaluddini Mahalli ya rasu bai gama ba, almajirinsa Jalaluddini Suyuɗi ya kammala shi bisa salon malaminsa, har mai karatu ba ya gane inda aka yi ɗinkin. Sannan ga tahamisi, irin wanda Ibnu Muhibu ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya shiga jikin asalin ya zauna daram, har yawancin masu rera ta a Maulidi ba su raba maganar wannan da ta wancan. Sharaɗin da ya haɗa waɗannan duka ɗaya ne: na baya ba ya ɗaukar alƙalami sai ya ga akwai wata bukata da na gaba ya bari ba a biya ba. Wanda kuwa ya ƙara magana inda babu bukata, masu ilmin balaga suna da sunan aikinsa, hashwu suke ce masa, wato ciko marar amfani.

To, mu ɗauki wannan mizani mu tafi da shi. Zane mai motsi sana'a ce mai cin lokaci da cin dukiya, domin abin da ido ke gani kamar motsi, a haƙiƙa hotuna ne tsayayyu da ake gilmawa da su guda 24 cikin kowace daƙiƙa. A da hannu ke zana su, a yau kwamfuta ke taimakawa, amma duk da haka babban fim ɗaya kan ci shekara huɗu ko biyar da ɗaruruwan ma'aikata. Walt Disney, wanda ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko, Snow White, a 1937, ya fara ɗanɗanar ɗacin maimaici tun kafin nan. A 1933 ya yi wani gajeren wasa na 'yan aladu uku da kyarkeci, wanda ya karɓu ƙwarai, masu gidajen silima suka matsa masa ya ƙaro, ya ƙaro har sau uku, babu ko ɗaya da ya kama ƙafar na farko, har ya riƙa faɗa cewa ba a fin aladu da aladu. Saboda haka har ya rasu a 1966 bai yi wa Snow White ko Bambi ko Cinderella kashi na biyu ba.

Abin ya sauya ne da zuwan kaset ɗin bidiyo, wanda ya mai da kowane ɗaki gidan silima. A 1992 kamfanin ya yi Aladdin, labarin yaro mai fitila da aljani, wanda shi kansa zaili ne, gama ba ya cikin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na Dare Dubu da Ɗaya; wani Bafaranshe, Antoine Galland, shi ya ji shi a 1709 daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab, ya shigar da shi cikin fassararsa. Shekara biyu bayan fim ɗin, a 1994, sai aka fitar da The Return of Jafar kai tsaye a kaset, ba tare da ya bi ta silima ba, da kuɗin da bai kai rubu'in na farko ba, a hannun masu zanen talabijin, har muryar aljanin ma wani aka ba, domin Robin Williams da ya yi ta da farko ya sami saɓani da kamfanin. Zanen ya yi rauni, labarin ya yi sako-sako, amma aka sayar da miliyoyin kaset. Ganin haka sai aka shiga rumbun tsofaffin labarai ana fito da su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu 'ya'ya, har Bambi na 1942 sai da aka yi masa na biyu a 2006, bayan shekara 64. Ba a dakatar da wannan ɗabi'a ba sai da Disney ya sayi kamfanin Pixar a wannan shekara ta 2006, sababbin shugabanni suka ga cewa arhar magadan tana zubar da mutuncin iyaye.

Kada mai sauraro ya zaci wauta ce ke ɗibar masu wannan sana'a. Lissafi ne tsagwaronsa. Wanda zai zuba dala miliyan 150 ko 200 a kan labari ɗaya, dole ya fi natsuwa da sunan da yara suka riga suka haddace, kamar yadda falke ya fi natsuwa da hanyar da ya taɓa bi ya dawo da riba. Alƙaluma kuwa suna goyon bayansa: Inside Out na 2015 ya tara kimanin dala miliyan 850, magajinsa na 2024 ya ninka wannan, ya tasam ma biliyan 1.7. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure cikin ƙiyasi, su ɗauka yawan kuɗin da na biyu ya tara hujja ce ta fifikonsa, alhali kuwa cikar jama'a a walima ta biyu shaida ce ga tukunyar farko, tun da mutane sun taho ne kafin su ɗanɗana ta yau. Ku dubi Shrek, labarin dodon nan kore. Na farko, a 2001, ya tara ƙasa kaɗan da dala miliyan 500. Na biyu, a 2004, ya haura miliyan 900, ya kuma gamsar da masu kallo. Na uku, a 2007, wanda masu sharhi suka kushe, duk da haka ya sami kimanin miliyan 800, yana cin albarkacin yayansa. Na huɗu kuwa, a 2010, ko da yake da dama sun ce ya ɗara na uku, sai ya sauko zuwa kimanin miliyan 750, yana biyan bashin da bai ci ba. Ashe kowannensu yana girbin abin da na gabansa ya shuka ne, alheri ko akasinsa. Saboda haka aljihun mai sayar da tikiti ba ya zama alƙali a wannan shari'a.



Asalin al'amarin, a ganina, yana cikin jinsin labarin kansa, domin labari iri biyu ne. Akwai irin na Gizo. Gizo ba ya girma, ba ya tuba, ba ya koyon darasi. Jiya ya yaudari kura, yau ya haɗa giwa da dorina ja-in-ja, gobe Ƙoƙi za ta sake shan wahalar kwaɗayinsa, kuma daɗin tatsuniyar duka yana cikin sanin da muka yi cewa halinsa zanen dutse ne. Irin wannan labari ba shi da na ɗaya balle na biyu, kowane dare da nasa. Shi ya sa kyanwa da ɓeran nan, Tom da Jerry, suke tsere tun 1940, ba a kuma sami wanda ya ce tseren ya isa haka ba. Akwai kuma labarin da ginshiƙinsa sauyin hali ne, inda matsoraci ke zama jarumi, ko mai gudun nauyi ya komo ya sunkuya a aza masa. Irin na Simba ke nan, wanda ya gudu daga gida yana zaton shi ya yi sanadin mutuwar ubansa, ya yi zaman ba-ruwana a daji, daga baya ya dawo ya karɓi gadonsa. Wannan labari yana da hatima ta gaskiya, in an ce ƙurungus to an rufe ƙofa. Wanda kuwa yake son sake buɗe ta, hanya biyu ce a gabansa: ko dai ya warware saƙar da aka gama, ya mai da jarumin jahili domin ya sake koyon abin da muka riga muka ga ya koya, ko kuwa ya nemo masa wata jarrabawa sabuwa wadda shekarunsa da matsayinsa na yanzu suka haifar. Hanyar farko ita ce mai sauƙi, ita ce kuma kabarin galibin magada.

In za a yi adalci, kashi na biyu na labarin Simba ya nufi hanya ta biyu, gama ya mai da shi uba, ya sa 'yarsa Kiara ta so Kovu, ɗan gidan abokan gabarsa da ya kora, ya zama jarrabawarsa ita ce yafiya. Niyyar kyakkyawa ce, aikin ne aka yi shi da sauƙin kuɗi irin na kaset. Jikata kuwa ta je neman yaron da ta sani, ta tarar da uba mai tsanani, ba a kuma ba ta isasshen dalilin da zai sa ta tausaya masa ba.

Wata illar kuma ita ce a ɗauki ɗan rakiya mai ban dariya a naɗa shi sarkin labari, don an ga yara suna ƙyalƙyala dariya duk sa'ad da ya fito. Gishiri yana gyara miya, amma ba a tuƙa tuwonsa. Cars na 2006 labarin wata motar tsere ce mai girman kai, wadda ta koyi tawali'u a wani ƙaramin gari da babbar hanya ta kauce masa har kasuwarsa ta mutu, abin da mutanen garuruwa da yawa a ƙasarmu za su gane ba sai an yi musu fassara ba. Da aka zo na biyu a 2011, sai aka ture wannan duka, aka ɗauki tsohuwar motar janwe mai wauta, wadda a da ɗan rakiya ce, aka jefa ta cikin labarin leƙen asiri da harbe-harbe a biranen duniya. Kayan wasan yara masu siffar waɗannan motoci sun riga sun kawo biliyoyin daloli, don haka ba sai an yi duba ba kafin a san abin da ya haifi na biyun. Shi ne kuwa fim ɗin Pixar na farko da akasarin masu sharhi suka juya wa baya. Wannan shi ne hashwu.

Amma kada mu yi wa magada kuɗin goro, gama a cikinsu akwai zaili na gaskiya, kuma mafi bayyanar misalinsa ya fito ne daga wannan gida na Pixar. Toy Story na 1995, wanda shi ne dogon fim na farko da aka zana dukansa da kwamfuta, labarin 'yan tsana ne masu rai. Woody, ɗan lelen yaron gidan, ya wayi gari an kawo sabon ɗan tsana, Buzz, mai fukafukai da fitilu, an ɗora shi a kan gadon da ya saba kwana. Duk uwargidan da aka taɓa yi wa amarya ta san abin da ya ji, kuma fim ɗin duka a kan maganin hassada yake. Na biyu da farko kaset aka nufa da shi, har aiki ya yi nisa. Da masu shi suka duba suka ga bai kai ba, sai suka rushe akasarinsa suka sake gina shi cikin kimanin wata tara, ya fito a silima a 1999. Ba su mai da Woody mahassadi karo na biyu ba. Sun ajiye masa tambayar da ke kwance a ƙarƙashin na farko ba a taɓa ta ba, wato cewa yaron da kake ƙauna zai girma ya bar ka: shin za ka zaɓi a kai ka gidan adana kayan tarihi a Japan, a sa ka bayan gilashi, inda babu yagewa babu kuma mai rungumarka, ko kuwa za ka koma hannun yaro, ka tsufa, ka yage, a ƙarshe a manta da kai? Sa'an nan suka yi haƙuri shekara 11, sai a 2010 suka kawo na uku, inda yaron ya kai shekara 17 zai tafi jami'a, ya ɗauki 'yan tsanarsa ya miƙa wa wata ƙaramar yarinya da hannunsa. Yaran da suka kalli na farko suna 'yan shekara biyar ko shida, su ne suka zauna kallon wannan suna samari da 'yan mata masu shirin barin gidajen iyayensu. Hassada, sa'an nan tsoron gushewa, sa'an nan sallama: babi uku ne na littafi ɗaya, kowanne yana bukatar na gabansa, babu wanda ya maimaita shi.

Akwai kuma wanda ya zaɓi hashiya, ya kuma yi gaskiya a cikinta. Yaranmu da yawa sun san Kiriku, jaririn nan mai gudu kamar iska, wanda Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya fitar a 1998 bisa tatsuniyoyin Afirka ta Yamma. Kowa a ƙauyen yana tsoron matsafiya Karaba, Kiriku kaɗai ya tsaya tambayar abin da ya sa take mugunta, har ya gano ƙaya ce aka soka mata a gadon baya, ya cire ta, ya girma nan take, ya aure ta. Bayan wannan ina sauran magana? Da aka dame shi da roƙon ƙari, Ocelot bai tayar da sabuwar matsafiya ba, bai kuma komar da ƙayar inda take ba. A 2005 da 2012 sai ya sa kakan yaron ya zauna yana ba da waɗansu ƙananan labarai da suka auku a tsakiyar na farko ba a faɗe su ba. Ba su kai asalin nauyi ba, ba su kuma yi da'awar kaiwa ba; rubutu ne a gefen takarda, wanda bai taɓa matani da ɓarna ba.

Saura nau'i ɗaya, wanda ba sharhi ba ne, ba zaili ba, aikin mai kwafe littafi ne da tawadar zinariya. A 2019 aka sake yin The Lion King da kwamfuta, kusan fage bayan fage, aka zana dabbobin tamkar hoton gaske, har ana iya ƙirga gashin gemun zaki, aka kuma tara fiye da dala biliyan 1.6. Mu nan Zugurma, da muke maƙwabtaka da gandun dajin da aka haɗa da na Borgu aka yi gandun ƙasa na Tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1970, ba mu bukatar a gaya mana yadda fuskar dabba take. Manominmu ya san gadu, wato mugun dawa, ba ya murmushi, ya san gwaggon biri in ya yage baki ba fara'a yake yi ba. Mai zanen 1994 ya ara wa ɗan zaki girar mutum da idon mutum, shi ya sa da ya tsaya a kan gawar ubansa kowa ya ga maraici a fuskarsa. Na 2019, da ya nace wa kama da gaskiya, sai ya rasa inda zai rubuta baƙin ciki.

Yanzu bari mu komo gida, domin mafi kyawun darasi a kan wannan fanni ɗan ƙasarmu ne ya bar mana shi. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, a lokacin tana cikin lardin Kontagora, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, littafin ya fara fitowa a 1937, shekarar da Snow White ya fito a Amurka. Juz'i uku ne, kuma aku ɗaya ne mai ba da labari, amma ku lura da hikimar mawallafin. A na farko, aku yana ba da labari ne don ya tsare Musa ɗan sarki a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. A nan labari garkuwa ne. A na biyu, aku ya zama waziri, ya shiga gasa da wani aku mai suna Haziƙ. A nan labari takobi ne. A na uku, girma ya zo masa, ya zauna yana horon ɗansa Fasih. A nan labari gado ne da ake miƙa wa na baya. Mai maganar bai sauya ba, amma dalilin maganar ya sauya sau uku, shi ya sa ba a taɓa jin ɗalibi ya ce na uku maimaicin na ɗaya ne ba. Abin da mutanen Pixar suka gano da kwamfutocinsu, Imam ya riga su da alƙalami da kusan shekara 60.

Ina ambaton wannan ne musamman saboda samarinmu da suka fara koyon zane mai motsi a kwamfuta da waya, a Kano da Kaduna da Minna, domin akwai wata ɗabi'a da kasuwar kaset ta gadar wa fina-finanmu na Hausa, wadda ba na so su ɗauka: a kai labari daidai inda numfashin mai kallo ya tsaya, sai a rubuta masa cewa a haɗu a kashi na biyu. Na san tsoron masu satar fasaha da ƙarancin jari suna cikin abin da ya jawo haka, amma wannan rago ɗaya ne aka raba biyu aka karɓi kuɗin raguna biyu. Suna da magabata nagari da za su duba. Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi zamansa a Tawa ya rasu a 2015, tun a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar alfarma, yana yi wa masu mulki zambo cikin raha. Da ya sake komawa ga kwaɗinsa daga baya, sai ya kai su filin kokawa, ya ba su wata magana dabam.

Ku kuma iyaye, 'yan'uwana, nasihata gare ku gajeriya ce. Kada sunan na farko ya zama muku shaidar na biyu, gama sau da yawa wanda ya fara da ladabi magajinsa kan zo da harbe-harbe ko zantukan da ba su dace da kunnen yaro ba. In za a tura wa yaro fim a waya, a sami babba ya fara dubawa. In kuma sun gama kallo, ku tambaye su abin da jarumin ya koya a wannan karo wanda bai sani ba a wancan. In yaro ya sami amsa, to zaili ya kalla, in kuwa ya yi shiru yana sosa ƙeya, to shi da kansa ya gane ciko aka sayar masa, kuma wannan ganewa ta fi fim ɗin amfani a gare shi.

A daren nan da na ba ku labari, da cajin wayar ya ƙare, yaran suka dawo tabarmata, na yi musu tatsuniyar Gizo da ya ci bashin giwa da dorina. Da na rufe, sai amaryata ta ɗago kai cikin magagin barci ta ce, "Kaka, shi ma akwai na biyu?" Na ce, "Amarya, Gizo ba shi da na biyu, gobe ma shi ne, in kin zo da wuri."

A nan zan dasa aya. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon tarbiyyarsu.